Ɗakin Jinyar da Ba a Jin Kuskurensa

A ɗauka za ka kwantar da majinyaci, aka ba ka zaɓi tsakanin ɗakunan jinya biyu. A na farko, littafin da ma'aikata ke rubuta kurakuransu ya kusa cika: an ba wane allurar da ba tasa ba, maganin wance ya makara. A na biyu littafin fari fat. Kusan kowa na biyun zai nufa, kuma haka Amy Edmondson ta zata a farkon shekarun 1990, lokacin tana karatun digirin digirgir a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ta shiga ayarin Dakta Lucian Leape da ke ƙidayar kurakuran ba da magani a asibitoci biyu, aikinta kuwa shi ne ta auna yadda ma'aikatan ɗakunan jinya takwas ke haɗa kai. Zatonta, inda aka fi jituwa da shugabanci na gari nan za a fi ƙarancin kuskure. Da lissafi ya fito sai ta ga akasin haka, ɗakunan da suka fi jituwa su ne kan gaba a yawan kurakuran da aka rubuta.

Maimakon ta watsar da sakamakon, sai ta tura wani mataimakin bincike, wanda bai ga alƙaluman ba kuma bai san abin da take zargi ba, ya je ya zauna da ma'aikatan. Ya tarar a wasu ɗakunan babbar nas tana cikin aiki tare da kowa, ana iya tunkararta da zancen kuskure ba tare da gaba ya faɗi ba. A wasu kuwa, wanda ya yi kuskure sai ya ji kamar an gurfanar da shi gaban alƙali, don haka kowa ya koyi kama bakinsa. Ashe littafin ba yawan kuskure yake aunawa ba, yawan wanda aka yarda a faɗa yake aunawa. Ta buga wannan a 1996, sannan a 1999 ta gwada ra'ayin a kan rukunonin ma'aikata 51 na wani kamfanin ƙere-ƙere, ta sake samun cewa rukunin da ƙarami ke iya tambaya ko ya ce ya yi kuskure ba tare da tsoron tozarci ba shi ya fi koyo, ya kuma fi aiki mai kyau.

Wannan magana ta fi shafar mu 'yan Afirka fiye da Amurkawan da aka yi binciken a kansu. A 2018 ayarin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya buga sakamakon bin diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Majinyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarfin jiki, amma a tiyatar da ba ta gaggawa ba haɗarin mutuwarsu ya ninka na duniya sau biyu. Abin lura shi ne kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ba ranar tiyata suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a kan gadon jinya. Wato wuƙar likita ta yi aikinta, amma da jiki ya fara rikicewa ba a farga da wuri ba, ko an farga labarin bai kai ga mai iya ɗaukar mataki ba. Ƙaramar nas ce ke ganin bugun zuciya ya ƙaru da ƙarfe biyun dare, ko zanen mai jego ya jiƙe fiye da kima. Ran majinyacin na iya rataya a kan ko za ta taso likita daga barci, ita kuwa abin da take tunawa a lokacin shi ne yadda aka karɓe ta ranar da ta taɓa taso shi. A Chadi, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 1,063 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a shekarar 2020, wannan jinkirin ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma matsalar harshe: matar da ta fito daga unguwar Diguel zuwa Asibitin Abotar Chadi da Sin, ko wani asibitin Njamena, da Larabcin Chadi ko Hausa ko Ngambay za ta faɗi ciwonta, a rubuta shi da Faransanci a katin da mai jinyarta ba lallai ya iya karantawa ba.

Za a ce wannan zancen masu hali ne, mu matsalarmu rashin likitoci da jini da wutar lantarki. Gaskiya ne, kuma babu sakin fuskar da zai maye gurbin ledar jini. Sai dai binciken da Anita Tucker ta yi tare da Edmondson, aka buga a 2003, ya nuna yadda shiru ke raya rashin kansa. Sun bi nas 26 a asibitoci tara, suka ga idan wani abu ya ƙare ko ya lalace, fiye da sau tara cikin goma nas ɗin dabara take yi: ta aro daga ɗakin maƙwabta, ta ci gaba da aiki, ba ta faɗa wa kowa ba. Ana yaba mata da ƙwazo, ita ma tana jin daɗin hakan, amma gobe matsalar na nan, shugaban asibiti kuma bai san da ita ba. Mu da muka mayar da dabara abin alfahari mun fi kowa faɗawa wannan tarko. Inda kayan aiki suka yi kaɗan, nan aka fi bukatar sanin takamaimai inda suke yankewa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na dangin mamaci: idan aka daina hukunta mai kuskure, ai an buɗe ƙofar sakaci. Shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba, likitar yara 'yar asalin Najeriya, ta nuna wuyar abin. A Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunta a babban asibitin Leicester ta Ingila, bayan ƙwayar cuta ta bazu a jininsa. Ta yi kurakurai na gaske: ba ta gane tsananin cutar da wuri ba, maganin ya makara, har ta tsayar da farfaɗo da shi na ɗan lokaci don ta ɗauka wani yaron ne. Amma ba ta daɗe da dawowa daga dogon hutun haihuwa ba, tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya, kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta tsaya na sa'o'i, babban likitan da ke kanta kuma ba ya asibitin yawancin yinin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci a 2015, aka soke lasisinta a Janairun 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maido mata da shi a Agustan shekarar. A tsakanin nan likitocin Birtaniya da yawa suka fito fili suna cewa sun ji tsoron rubuta kurakuransu. Iyayen yaron suna da haƙƙi, ba kuma mai hankalin da zai ce a ƙyale wanda ya zo aiki a buge ko ya sauya abin da ke rubuce a kati don ya ɓoye laifi. Abin da ake nema shi ne a raba ganganci da kuskure, kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Fiƙihu ya raba su tun da daɗewa, ya ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi shi gaba ɗaya, ba a kansa shi kaɗai ba. Wanda aka zalunta yana samun haƙƙinsa, nauyin kuma jama'a ke ɗauka. Haka ya kamata asibiti ya tsaya wa ma'aikacinsa: ya faɗa wa dangi gaskiya, ya biya abin da ya wajaba, ya gyara abin da ya jawo. Cewa "kwana ne ya ƙare" ta'aziyya ce ta gaskiya ga dangi, amma ba ta isa ta zama rahoton asibiti ba.

Masu mulki sun fi son maganin da za a buga a takarda. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata, ƙarƙashin jagorancin Dakta Atul Gawande. A asibitoci takwas da aka gwada shi, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta shi, binciken da aka buga a 2014 a kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar kusan iri ɗaya ce, don haka na fi karkata ga cewa bambancin yana ga yadda aka riƙe ta. Ɗaya daga cikin tambayoyin yana neman kowa a ɗakin, daga likitan tiyata har nas mai miƙa almakashi, ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a taɓa fata, don wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun sauƙin sake buɗewa idan ya ga ƙidayar auduga ba ta cika ba. Ana iya cika wannan layin da biro bayan an gama ɗinki, a sa hannu, a ajiye a fayil, ba tare da kowa ya ce uffan ba.