Gwanjon Iska: Yadda Rabon Zango Ke Yanke Farashin Data a Najeriya

A watan Janairun 2001, kamfanoni biyar suka zauna a Abuja suna tayin wata haja da ido ba ya gani. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ta kasa ta, ƙarƙashin shugabancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta kuma sa dala miliyan 100 a matsayin kuɗin buɗe tayi. Bayan kwana uku aka sallama kowane lasisi a kan dala miliyan 285. Abin da MTN da Econet suka biya wannan maƙudan kuɗi a kansa shi ne izinin amfani da wani yanki na zangon iska, hanyar da murya da saƙo da hoto ke bi tsakanin wayar hannu da ƙarfen sabis.

Zango ba baƙon abu ba ne ga mai sauraron rediyo. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatinsa yana neman wata tasha a gajeren zango, ya san abin da ke faruwa idan tashoshi biyu suka hau mita ɗaya: wannan ta shiga bakin waccan, ba a jin ko ɗaya. Wayar salula ma rediyo ce, sai dai tana aikawa tana kuma karɓa. Jirgin sama, tauraron ɗan'adam, talabijin, na'urorin sojoji da na 'yan sanda, kowa a wannan iskar yake neman wuri. Dole ke nan a samu mai rabo. A matakin duniya, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Janeba ce ke tsara wane zango ne na wane aiki. A cikin gida akwai majalisar kula da zango ta ƙasa, wadda ke miƙa kason harkar waya ga NCC, kason rediyo da talabijin kuma ga hukumar NBC. Iska ba ta san kan iyaka ba, shi ya sa mutumin Illela ko Jibiya kan ga wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar yana zaune a ƙofar gidansa, shi ya sa kuma maƙwabtan ƙasashe ke zama su daidaita tsakaninsu.

Zangunan ba darajarsu ɗaya ba, kamar yadda rumfar bakin ƙofar kasuwa ta fi ta can ƙurya tsada. Ana auna su da megahaz. Na ƙasa, irin su 700 da 800 da 900, suna cin dogon zango kuma suna ratsa bango, don haka ƙarfe guda kan wadatar da ƙauyuka da dama. Matsalarsu ita ce ƙarancin fili, ba su da yawa. Na sama, irin su 2600 da 3500, suna da faɗi, suna ɗaukar data mai yawa cikin sauri, amma ba sa nisa, sai an jera ƙarafa kusa da kusa. Kamfanin da ke son ya gamsar da cunkoson Kantin Kwari yana bukatar na sama. Wanda ke son ya kai intanet rugage da ƙauyukan Yobe ko Kebbi, inda gari da gari ke da tazara, ba shi da abin da ya fi na ƙasa. Wanda ya haɗa duka biyun ya sha gaban abokan hamayyarsa tun kafin a fara ciniki.

Shekaru da dama gwamnatocin duniya suna raba zango ne ta hanyar duba takardun masu nema su zaɓi wanda suka ga dama, tsarin da ke buɗe ƙofar alfarma da cin hanci. Masanin tattalin arziki Ronald Coase ya kawo shawarar a riƙa sayarwa ta gwanjo tun 1959, amma Amurka ba ta fara ba sai 1994. Indiya ta ɗanɗana kuɗar rabon son rai: a 2012 kotun ƙolinta ta soke lasisi 122 da aka bayar a 2008. Gwanjo ma yana da nasa ciwon. A shekarar 2000 Birtaniya ta tara fam biliyan 22.5 daga lasisin 3G, kamfanonin Turai suka fito daga irin waɗannan gwanjo da bashi har wuya, aikin kafa ƙarafa ya yi ta jan ƙafa.

Tarihin Najeriya ya nuna abin da yawan masu gasa ke haifarwa. Kafin 2001, layukan NITEL, kamfanin waya na gwamnati, a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti. Idan ka yi minti ɗaya da daƙiƙa biyar, kuɗin minti biyu za a cire. Mutane kan zura wa agogon waya ido, su katse magana a daƙiƙa ta 59 ko da ba a gama gaisuwa ba. Kamfanonin suka ce lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Kamfani na uku da ya yi nasara a gwanjon, CIL na Mike Adenuga, ya rasa lasisinsa saboda bai biya cikin wa'adi ba. Adenuga ya dawo da Globacom, ya fara aiki a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu, don kawai an samu sabon mai zango a kasuwa. Shigowar Etisalat a 2008 ta ƙara karya farashi, sannan a 2013 NCC ta ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Da zamanin data ya kankama, kokawar ta koma kan wa zai tara zango mafi yawa. A 2016 MTN ya sayi Visafone, ƙaramin kamfanin da babbar kadararsa ita ce zangon 800, abin da ya sa abokan hamayya suka yi ta ƙorafi, hukumar kuma ta daɗe tana nazari kafin batun miƙa zangon ya daidaita. A shekarar ne dai aka kasa zangon 2600, MTN kaɗai ya fito, ya ɗauki kaso shida. A ƙarshen shekarar NCC ta yi yunƙurin sa ƙa'idar farashin da ba za a sayar da data ƙasa da shi ba, da hujjar kada manya su karya farashi su kashe ƙanana. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka janye. Wannan takaddama ta nuna tsaka mai wuyar da mai rabo ke ciki: araha ta yau tana iya zama tsadar gobe idan ƙananan kamfanoni suka mutu, amma mai sayen data ba ya son jin wannan lissafi.

Gwanjon 5G na ranar 13 ga Disamban 2021 ya fito da wata matsalar. An kasa kaso biyu na megahaz 100 a zangon 3500, kamfanoni uku suka nema. Tayi ya tashi daga dala miliyan 197.4 zuwa 273.6, Airtel ya janye, MTN da wani sabon kamfani mai suna Mafab suka ɗauka. MTN ya fara 5G a 2022. Airtel ya samu nasa kason a zagaye na biyu, inda shi kaɗai ya rage a fage, ya fara aiki a 2023. Mafab ya yi bikin ƙaddamarwa a farkon 2023, amma bai zama abokin gasar da aka yi fata ba. Baitulmali ya samu kuɗi, kasuwa ba ta samu sabon ƙarfi ba.

Yau MTN na riƙe da sama da rabin layukan ƙasar, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku, Globacom na biye daga nesa. Etisalat ya fice a 2017 bayan rikicin bashin dala biliyan 1.2 da bankuna, kamfanin ya koma 9mobile, ya yi ta zubar da masu hulɗa har a 2025 aka amince masa ya riƙa hawa ƙarafan MTN, ya kuma sauya suna zuwa T2. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, rabin abin da kamfanonin suka nema. Suna da hujjarsu, domin da dala suke sayen kayan aiki, da dizal suke kunna ƙarafa, naira kuma ta faɗi. Sai dai mai POS ɗin da ke tsaye bakin kasuwar ƙauye yana ɗaga na'urarsa sama, kwastoma na jira, kuɗi sun fita amma rasit ya ƙi fitowa, ba shi da wurin gudu idan ƙarfe ɗaya ne a garin. Mai layi biyu a birni ne ke cin moriyar gasa.

Zango kaɗai ba ya kai intanet. Hanyar sadarwar na bukatar wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa da za ta haɗa ƙarafan da sauran duniya, kuma nan gwamnatocin jihohi ke shigowa da kuɗin izinin haƙa. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, wasu jihohi sun yafe gaba ɗaya, wasu sun ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninki. Komawar talabijin zuwa tsarin dijital, wadda ke 'yantar da zangunan ƙasa masu daraja, an ƙaddamar da ita a Jos a 2016 bayan wa'adin ITU na 2015 ya wuce, ta kuma yi ta tafiyar hawainiya.

Zango dukiyar al'umma ce, aro ake ba kamfani na wasu shekaru. Saboda haka ma'aunin nasarar rabonsa shi ne yawan garuruwan da suka samu sabis mai ƙarfi da yawan kamfanonin da mai saye zai iya zaɓa a cikinsu. Hukuma na da kayan aikin cim ma hakan: ta ƙayyade yawan zangon da kamfani ɗaya zai tara, ta rage kuɗin lasisi a madadin sharaɗin kai sabis karkara cikin wa'adi, ta sauƙaƙa haya da cinikin zango tsakanin kamfanoni kamar yadda ƙa'idojinta na 2018 suka ba da dama, ta kuma ƙwace duk wanda aka saya aka ajiye. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, don yana nufin taɓa masu ƙarfi, kuma a nan ne za a gane ko mai rabo na jama'a ne.