YADDA SAMARI KE ƘERA RUWA A CIKIN KWAMFUTA

Masu sana'ar hotunan zane masu motsi sun daɗe da sanin cewa ruwa yana cikin abubuwan da suka fi ba su wahala. Mutum ko doki yana da ƙashi da gaɓoɓi, saboda haka mai zane yakan san inda kowace gaɓa za ta tanƙwara. Shi kuwa ruwa ba shi da siffa tasa ta kansa, sai ta mazubin da aka zuba shi. Yakan fantsama, ya rabu, ya sake haɗuwa, ya yi kumfa, duk a cikin ƙiftawar ido. Ga shi kuma kowa ya san shi tun yana jariri, don haka da zarar an yi masa ƙarya a majigi, ko yaro ƙarami zai gane.

A da, manyan kamfanonin fim ne kaɗai ke da kuɗi da injunan da za su iya wannan aiki. A yau kuwa saurayin da ke da kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya yana iya zama a ɗakinsa ya sa a zubo shayi daga buta zuwa kofi, alhali babu butar, babu shayin. Yana da kyau masu karatu su san yadda aka yi aka kawo nan, da kuma irin ɗawainiyar da ke jiran mai sha'awar shiga.

Asalin lissafin

Tushen al'amarin lissafi ne da ya girmi kwamfuta da fiye da shekara ɗari. Wani injiniya Bafaranshe, Claude-Louis Navier, shi ya fara tsara shi a 1822, sa'an nan George Stokes na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya kammala shi a 1845. Lissafin nasu yana bayyana yadda nauyi da matsi da kauri ke tura kowane ɗigon ruwa. Wuyarsa ta kai har a shekarar 2000 wata cibiyar lissafi ta Amurka mai suna Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware wata tambaya guda game da shi.

Da yake ba a iya warware shi da alƙalami sai a wurare ƙalilan, masana suka koma ga dabarar kusantar amsa kaɗan kaɗan da na'ura. A 1965 Francis Harlow da abokin aikinsa a ɗakin bincike na Los Alamos suka fito da hanyar yanka fili gurbi gurbi, kamar gidajen dara, a riƙa lissafa abin da ke shiga kowane gurbi da abin da ke fita. Masu fim sun ɗauki wannan dabara a shekarun 1990. Nick Foster da Dimitris Metaxas sun nuna yadda za a yi ta don majigi a 1996, kuma da irin wannan lissafi aka yi ambaliyar da ta ci gidan tururuwa a fim ɗin Antz na 1998. A 1999 kuma Jos Stam ya kawo hanyar da ke hana lissafin rikicewa ko da an yi masa dogon taku, abin da ya rage lokacin aiki ƙwarai.

Yadda abin ya zo hannun talaka

Wanda ya buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa shi ne Ton Roosendaal, mutumin ƙasar Holan, mai manhajar Blender. Da kamfaninsa ya karye a 2002, sai ya roƙi masu amfani da manhajar su yi karo-karo a fanshe ta daga hannun masu jari. Cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000 da ake bukata, a watan Oktoba na shekarar kuwa aka sake ta kyauta ga duniya duka. A ƙarshen 2005 aka sa mata sashen lissafin ruwa, aikin wani ɗalibi Bajamushe, Nils Thuerey. A watan Fabrairu na 2020 aka maye gurbinsa da wani sabo mai suna Mantaflow, wanda ke yin ruwa da hayaƙi da wuta.

Akwai waɗansu manhajojin. Houdini, ta kamfanin SideFX na birnin Toronto a Kanada, ita ce manyan kamfanoni suka fi dogara da ita wajen irin wannan aiki, kuma tana da nau'in kyauta don masu koyo, bisa sharaɗin ba za a yi kasuwanci da abin da aka yi ba. Amma Blender ba ta da wannan sharaɗi, shi ya sa masu yi don sha'awa suka fi rungumar ta.

Yadda ake aikin

Mai aiki yakan fara da zana akwati a cikin kwamfuta, wanda shi ne iyakar duniyar ruwan, ba ya ƙetare shi. Sa'an nan ya nuna inda ruwa zai ɓullo, kamar bakin buta, da abin da zai tare shi, kamar kofi ko dutse, da inda zai zurare in akwai. Bayan haka ya faɗa wa na'ura kaurin abin, domin zuma da man ja da kunu kowanne da irin tafiyarsa. Na'ura sai ta cika ruwan da dubban ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da saurinsa, ta yi amfani da gurabun nan wajen lissafin matsi, ta matsar da ƙwayoyin gaba kaɗan, ta sake. Daga ƙarshe ta lulluɓe su da fata mai sulɓi, wadda ita ce ido ke gani a matsayin fuskar ruwa.

Wannan zaman jiran lissafi shi masu sana'ar ke kira gashi, kamar na burodi, kuma a nan ne haƙurin mutum ke bayyana. Majigi yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato daƙiƙa goma kacal hoto 240 ke nan, kowanne kuwa sai an gama lissafinsa kafin a taɓa na gaba, tun da motsin yanzu daga na ɗazu yake fitowa. Idan aka yanka kowane gefen akwati kashi 32, gurabu 32,768 za a samu, ruwan kuwa zai fito kamar dunƙulen tuwo. In aka kai kashi 128, sun zama 2,097,152. In aka kai 256, sun haura miliyan 16. Wato duk ninki ɗaya na kyau yana jawo ninki takwas na gurabu, ban da ƙarin takun lissafi da ƙananan gurabu ke bukata. Abin da aka gasa cikin minti biyar yana iya komawa aikin kwana guda. Bayan gashi kuma da sauran wankin hoto, inda na'ura za ta lissafa yadda haske ke ratsa ruwan yana tanƙwarewa.

Ramukan da sababbin shiga ke faɗawa

Na farko shi ne girma. Lissafin yana aiki da ma'aunin gaskiya, saboda haka wanda ya zana kofi mai tsawon mita biyu ba da saninsa ba, zai ga shayinsa yana zuba a hankali kamar ruwan madatsa. Na biyu shi ne yoyo. Idan bangon kofi ya fi gurbi siranta, ko ruwan ya zo da gudu, ƙwayoyin sukan tsallake bangon tsakanin taku da taku, sai a ga ruwa yana fita ta gindi. Maganinsa a ƙara wa bangon kauri, ko a ƙara yawan takun lissafi. Na uku shi ne faɗin akwati: duk wurin da ruwa ba zai je ba amma aka sa shi ciki, asarar lokaci ce. Na huɗu kuwa ma'ajiya, domin gashi ɗaya mai kyau yana iya cinye wuri mai yawan gaske a cikin kwamfuta.

A ƙasarmu akwai na biyar, wato wutar lantarki. Gashin da ya kwana yana tafiya yana iya tsayawa da asuba in an ɗauke wuta batir kuma ya ƙare. Mai hankali yakan gwada aikinsa da gurabu kaɗan har sai motsin ya gamshe shi, ya kunna zaɓin da ke ba da damar ci gaba daga inda aka tsaya, sa'an nan ya yi babban gashi sau ɗaya. Ya kamata kuma a sani cewa ruwan majigi don ido aka yi shi, an rage lissafinsa don sauri, saboda haka ba a dogara da shi wajen auna ƙarfin gada ko hanyar ambaliya.

Abin da ake iya kaiwa

Mai ganin abin wasan yara ne, ya dubi fim ɗin Flow na 2024, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya. Labarin wata kyanwa ce da ambaliya ta raba da gidanta, ta shiga jirgin ruwa tare da waɗansu dabbobi, babu maganar ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Da Blender aka yi shi, da ma'aikata kaɗan, kuma a watan Maris na 2025 ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane, ya kayar da na manyan kamfanonin Amurka. Wannan ce Oscar ta farko da ƙasar ta taɓa samu. Abin lura shi ne, masu kallo sun bi fim ɗin ne saboda tsoron da suke ji wa kyanwar, ruwan kuwa hidima yake yi wa labarin.

A kusa da mu ma akwai abin koyi. Marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin zane na kwaɗi mai suna Bon Voyage Sim tun a 1966, da hannunsa ya zana, ba kwamfuta. Samarin yau suna da kayan aikin da bai taɓa mafarkinsu ba a lokacin, kuma kyauta. Sai dai masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ke son ruwansa ya gamsar da jama'a, ya fara zuwa bakin rafi ko gindin famfo ya zauna ya lura da yadda na gaske ke tafiya, ya tanadi labarin da zai ba mutane, sa'an nan ya kunna na'ura.