Zaɓen Man Fetur Ga Mota a Karaye da Rogo

Zaɓen man fetur shi ne tantance irin man da ya dace da injin mota, ta fuskar ƙarfinsa da kuma tsabtarsa. A ƙasashe da dama gidajen mai na sayar da fetur iri biyu ko uku, amma a Najeriya iri ɗaya ake sayarwa, wanda a hukumance ake kira PMS. Saboda haka a wurare irin su Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Kano, babban abin da mai mota ke zaɓa shi ne inda zai sayi man.

Lambar oktan

Injin fetur yana matse mai da iska a cikin silinda, sannan fulogi ya kunna musu wuta. Idan wani ɓangare na man ya kama da wuta da kansa saboda matsi da zafi, sai a ji injin yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan yana rage ƙarfin mota, kuma idan ya daɗe yana iya lalata fistin.

Lambar oktan ita ce ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan kamawar wuta. Injin da ke matse mai sosai, ko mai turbo, ya fi buƙatar mai babbar lamba. Zuba mai babbar lamba a injin da ba ya buƙatarsa ba ya ƙara masa gudu.

Ma'aunin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Najeriya da Turai suna amfani da RON, Amurka da Kanada kuwa suna amfani da AKI, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Fetur mai lamba 87 a Amurka daidai yake da kusan 91 a ma'aunin RON, kuma a nan ne ƙa'idar fetur ɗin Najeriya take. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin motocin yankin na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Ana samun lambar da mota ke buƙata a littafinta ko a cikin murfin tankinta.

Yadda mai ke isa yankin

Tankoki ne ke ɗauko fetur daga kudancin ƙasar zuwa Kano da kewaye. Matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024. Hukumar NMDPRA, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, ita ke kula da ingancinsa.

A Karaye da Rogo ba motoci kaɗai ke shan fetur ba. Akwai babura, janareta, da injinan ban ruwa na manoman rani, musamman a kewayen madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye. A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, jama'a kan dogara da 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba da galan. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya tashi sosai, mutane da yawa suka koma sayen lita ɗaya ko biyu a lokaci guda.

Gurɓataccen mai

Abubuwan da suka fi ɓata fetur su ne:

Ruwa: ya fi fetur nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasan tanki, ya sa mota shaƙewa da tsatsa.

Ƙura: tana shiga buɗaɗɗen galan, musamman lokacin hunturu, ta toshe filta da injekta.

Gauraye: kananzir ko dizal suna rage lambar oktan, suna jawo hayaƙi da ƙarar inji.

Rana: man da ya daɗe a kwalba cikin zafi yana rasa sassansa masu saurin kama wuta, sai mota ta yi wuyar tashi.

Matsalar ba ta tsaya ga masu sayarwa a bakin titi ba. A watan Fabrairu na 2022 an gano fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam. An janye shi daga kasuwa bayan ya lalata motoci, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai.

Matakan kariya

Makanikai kan ba da shawarar sayen mai a gidan da ke da yawan ciniki, domin mansa ba ya daɗewa a ajiye. Idan dole ta sa a saya a kwalba, a duba ko akwai ruwa ko laka a ƙasanta, a kuma tace man da tsabtataccen ƙyalle. Yawan tafiya da tanki kusan babu mai yana gajiyar da famfon mai, domin fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Idan aka zuba dizal bisa kuskure, ba a tayar da injin sai an tsiyaye tankin gaba ɗaya.