Gayyar Rubutu

Duk wadda ta tashi a ƙasar Ɗanbatta ta san gayya. In damina ta yi tsaka, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyato maƙwabta, kowa ya zo da fartanyarsa, mu kuwa mu dama fura mu aika. Kafin la'asar aikin mako guda ya ƙare. To, yau labarin wata gayya na kawo muku, amma ita ta rubutu ce, a cikin wayar hannu a ke yinta.

Sunanta Wikipedia. Wani babban kundin sani ne a intanet, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara a Amurka cikin 2001. Kalmar "wiki" daga harshen mutanen tsibirin Hawai ta fito, ma'anarta maza-maza. Masu rubutun 'yan sa kai ne. Wannan ya sa layi biyu, wancan ya ƙara uku, wata ta zo ta gyara musu kuskure. Akwai shi da harsuna fiye da 300, har da Hausa. Kowane gyara kuwa a ajiye ya ke da kwanan watansa, in wani ya yi ɓarna sai a maido da na da.

Ina amfaninsa ga 'yar makaranta? Waɗansu, in an ba su aikin gida, sai su buɗe su kwafe kaf. Wannan kamar wadda ta sayo tuwo ce ta ce ita ta tuƙa. Babban amfanin yana wajen rubutawa. A ce malama ta ba 'yan mata biyar aiki a kan garinsu. Ɗaya ta ɗauki kasuwar Lahadi, ɗaya madatsar ruwa ta Tomas, ɗaya Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, ɗaya kuma tarihin marigayi Magaji Ɗanbatta, ɗan jaridan nan da ke cikin waɗanda suka kafa NEPU a 1950. Ta biyar ta bi bayansu tana gyaran ƙa'idar rubutu. Dokar wurin ita ce, duk abin da kika rubuta sai kin nuna littafi ko jaridar da kika samo shi. Ta haka yarinya za ta koyi bincike, ta rarrabe gaskiya da ji-ta-ji-ta, ta kuma saba a gyara mata ba tare da ta kumbura fuska ba.

Ga abin da ya dame ni. Ƙidayar da masu kula da Wikipedia suka yi a 2011 ta nuna mata ba su kai ɗaya cikin goma na masu rubutun ba. Gonar da ba a je gayyarta ba kuwa, ciyawa ce ke cinye ta. In ba mu rubuta tarihin malamanmu mata da ungozomominmu da sana'o'inmu ba, wa zai rubuta mana? Kada wata ta ce wannan baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajojinta ta riƙa aikawa ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, mace na koyar da mace.

Uwargida, ke ma da naki rabon. Gaskiya ne Wikipedia ba ta karɓar "Kaka ta ce", sai abin da aka buga. Amma tana da rumbun hotuna mai suna Wikimedia Commons. Ran da za ki yi daddawa ko ki matse man gyaɗa, sa 'yarki ta ɗauki hoton aikin daki-daki, ta rubuta sunan kowane kaya da Hausa. Tsohuwar da ta san waɗannan sunaye ba za ta zauna da mu har abada ba.

Sai gargaɗi biyu. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada kuma yarinya ta sa lambar wayarta ko kwatancen gidansu. Iyaye, ku zauna kusa ku ga abin da a ke rubutawa.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.