Kimiyya da Fasaha: Launin fata da al'ada wajen gano ciwon taɓin hankali

A yau shirin zai leƙa asibitocin masu taɓin hankali ne a Amurka da Turai, inda aka daɗe ana muhawara a kan wata tambaya: me ya sa likitoci suka fi cewa baƙar fata na ɗauke da matsanancin taɓin hankali fiye da yadda suke faɗa wa farar fata? Cutar ce ta fi kama su, ko kuwa a wajen binciken ne ake samun kuskure? Sai a gyara zama.

To da farko dai bari mu san cutar da muke magana a kai. Akwai wani rukuni na taɓin hankali wanda ke raba mutum da zahiri, wato ya riƙa jin muryoyin da babu mai yin su, ko ganin abin da babu shi, ko ya kafe a kan wani zato marar tushe, misali cewa maƙwabta na saka masa guba a abinci, kuma duk hujjar da aka kawo masa ba zai saurara ba. Mafi shahara a wannan rukuni ita ce cutar da likitoci ke kira sikizofreniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutane fiye da miliyan 20 a faɗin duniya.

Idan mutum ya je asibiti da zazzaɓi, akan ɗibi jininsa a duba, a ce maleriya ce ko taifot. Hawan jini ma akwai na'urar auna shi. To amma har yanzu babu wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar da sikizofreniya. Abin da likita ke dogaro da shi shi ne hira: ya yi tambaya, ya saurari amsa, ya lura da halin majiyyaci, ya ji ta bakin dangi, sa'an nan ya yanke hukunci. Ke nan harshen da aka yi hirar da shi, da al'adar kowannensu, da ma irin kallon da likitan ke yi wa wanda ke zaune a gabansa, duk suna iya shiga cikin wannan hukunci.

Masana sun gane haka tun da jimawa. A wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Amurka da Birtaniya wanda aka wallafa a shekara ta 1972, an gano cewa likitocin birnin New York sun fi takwarorinsu na Landan saurin kiran cuta sikizofreniya, alhali irin majiyyatan ɗaya ne. Wanda aka ce yana da sikizofreniya a New York, a Landan sau da yawa sai a ce matsananciyar damuwa ce ke damunsa. Waɗannan fa likitoci ne masu magana da harshe ɗaya, balle kuma idan harshe da al'ada da launin fata duk suka bambanta.

A Amurka batun yana da dogon tarihi. A shekara ta 1851, lokacin ana cinikin bayi, wani likita mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga ubangidansa wata cutar ƙwaƙwalwa ce ke damunsa, har ya raɗa mata suna. Fiye da shekaru ɗari bayan haka, a 1968, lokacin da baƙaƙen fata ke tsakiyar fafutukar neman 'yancinsu, wasu likitoci biyu a New York, Walter Bromberg da Franck Simon, suka wallafa maƙala inda suka alaƙanta wani nau'in taɓin hankali da aƙidun masu wannan fafutuka. Wani likita kuma masanin tarihi, Jonathan Metzl, ya bi takardun majiyyatan wani tsohon asibiti a garin Ionia na jihar Michigan, kuma a littafin da ya fitar a 2010 ya nuna yadda kamannin cutar suka sauya a idon likitoci. Kafin shekarun 1960 an fi ɗaukar sikizofreniya a matsayin ciwon farar fata masu sanyin hali waɗanda ba sa cutar da kowa, amma daga baya sai ta koma ciwon baƙar fata namiji mai fushi da tayar da hankali. A watan Janairun 2021 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fito fili ta nemi gafara a kan rawar da ta taka wajen wariyar launin fata.

To yaya lamarin yake a 'yan shekarun nan? Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike masu yawa, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa yiwuwar a ce baƙar fata a Amurka yana da sikizofreniya ta ninka ta farar fata kusan sau biyu da rabi. A 2019 kuma masu bincike a jami'ar Rutgers suka gano wani abu da ke haska inda gizo ke saƙar. A cikin waɗanda aka ce suna da sikizofreniya, baƙaƙen fata sun fi nuna alamun matsananciyar damuwa idan aka gwada su, abin da ke nuna cewa likitoci ba su ba waɗannan alamu nauyin da ya kamata ba. Ita matsananciyar damuwa, haka ma cutar nan mai sa mutum ya yi ta zumuɗi na wani lokaci sannan ya faɗa cikin baƙin ciki, idan suka tsananta suna iya zuwa da jin muryoyi. Sai dai maganinsu daban ne.

Wannan ne ya sa kuskuren ke da tsada. Wanda damuwa ke ci aka ce sikizofreniya ce, ba zai sami maganin da ya dace da shi ba, ga kuma haɗarin ya hallaka kansa. A maimakon haka zai yi shekaru yana shan magunguna masu ƙarfi da kan jawo ƙiba da ciwon suga da karkarwar jiki. Bugu da ƙari, sunan cutar in ya shiga takardar mutum da wuya ya fita, duk likitan da ya zo daga baya da shi zai fara karo.

Akwai kuma batun rashin yarda. Mutumin da ya saba 'yan sanda su tare shi a hanya ba gaira ba dalili, in ya zauna gaban likita yana ɗari-ɗari, yana taƙaita amsa, ko ya ce ana sa masa ido, mai yiwuwa gaskiyar rayuwarsa yake faɗi. Likitan da bai taɓa ɗanɗana irin wannan rayuwa ba kuwa yana iya rubuta cewa alamar cuta ce.

To sai dai kuma masu sauraro, ba a nan labarin ya tsaya ba. A Birtaniya an gudanar da wani babban bincike a kudu maso gabashin Landan da Nottingham da Bristol, aka wallafa sakamakonsa a 2006. An gano cewa samun sababbin masu sikizofreniya a tsakanin baƙaƙen fata 'yan asalin tsibiran Karebiyan ya ninka na fararen fatar Birtaniya kusan sau tara, na 'yan asalin Afirka kuma kusan sau shida. Irin wannan rata ta yi girman da masana da yawa ke ganin kuskuren likita kaɗai ba zai bayyana ta ba.

Wani zai ce ko gado ne? Masana sun duba wannan. Binciken da aka yi a Jamaika da Tirinidad da Barbados a shekarun 1990 ya nuna cewa a can gida yawan masu kamuwa da cutar bai kai ko kusa da na 'yan uwansu da ke Ingila ba, ya fi kusa da na fararen fatar Birtaniya. Da a jini abin yake, da an gan shi a can ma.

An kuma gayyato wani fitaccen likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamaika, Frederick Hickling, ya sake duba majiyyata a asibitin Maudsley da ke Landan, aka wallafa sakamakon a 1999. Abin mamaki, yawan baƙaƙen fatar da ya ce suna da sikizofreniya ya yi kusan daidai da na likitocin Birtaniya. Amma da aka bi mutum ɗaya-ɗaya, sai aka ga a kan kimanin rabin majiyyatan kawai bakinsu ya zo ɗaya. Wato cutar tana nan da yawa, amma tantance wanda ke da ita na da tangarɗa.

Abin da shaidu suka fi nunawa shi ne wahalar zaman baƙunta. Wani nazari na 2005 ya gano cewa haɗarin kamuwa da cutar ga 'yan ci-rani ya ninka na 'yan ƙasa fiye da sau biyu da rabi, ga 'ya'yansu da aka haifa a can kuwa ya kai sau huɗu da rabi. Kazalika bincike a kudancin Landan a 2001, da wani a birnin Hague na ƙasar Holand a 2008, sun nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga baƙon da ke zaune a unguwar da irinsa ba su da yawa. Wanda ke cikin 'yan uwansa, kamar dai yadda zango yake ga baƙo, ya fi samun kariya. Kaɗaici da wariya da talauci da rashin aikin yi, su ne masana suka fi zargi.

Yanzu bari mu juya ga al'ada, domin a nan ne batun ya fi shafar masu sauraronmu da ke zaune a Turai da Amurka. A ce Bahaushe ya je gaban likita a Landan, ya ce an yi masa sammu, ko ya ce aljanu ne suka taɓa shi. A gida babu wanda zai ɗaga gira, magana ce da aka saba ji. Ko kuma ya ce "zuciyata ce ta raya mini in bar gidan", tafinta ya juya maganar kalma da kalma, likita ya ɗauka wata murya ce ke ba shi umarni. A ƙa'idar aikin likita, imanin da al'ummar mutum ta yi tarayya da shi a kai ba ya zama alamar cuta. To amma sai likitan ya san al'ummar kafin ya iya rarrabewa.

Hatta su muryoyin, al'ada na shafar yadda ake jin su. Wata masaniya a jami'ar Stanford, Tanya Luhrmann, ta jagoranci hira da masu wannan cuta 60, wato 20 a Kalifoniya, 20 a Chennai ta Indiya, 20 kuma a Accra ta Ghana. A sakamakon da aka wallafa a 2015, Amurkawan sun fi kwatanta muryoyin da masu zagi da tsoratarwa, 'yan Indiya da dama sun ce muryoyin dangi ne ke sa su aiki, yayin da da yawa daga mutanen Accra suka ce muryar Ubangiji suke ji, kuma ba ta dame su ba.

Shin idan aka yi la'akari da al'ada, hukuncin likita na sauyawa? A birnin Montreal na Kanada akwai wani sashen asibiti da ake tura masa majiyyata domin a sake duba su tare da tafinta da wanda ya san al'adarsu. Rahoton da aka fitar a 2012 ya nuna cewa daga cikin mutane 70 da aka turo da sunan suna da irin wannan taɓin hankali, 34 aka gano wata cutar ce daban ke damunsu. Kusan rabi ke nan. A birnin Utrecht na Holand ma, da aka yi wa 'yan asalin Maroko tambayoyin da aka daidaita da al'adarsu, yawan waɗanda aka ce suna da sikizofreniya ya ragu sosai. Saboda irin wannan ne kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ake kira DSM, a bugunsa na 2013 ya shigar da tambayoyi 16 da likita zai yi wa majiyyaci, a kan yadda shi da danginsa suke fahimtar ciwon, da abin da suke ganin ya jawo shi, da inda suka riga suka nemi taimako.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Afirka. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a Najeriya, inda majiyyaci ke zama a ƙauye tare da wani ɗan uwansa yana karɓar maganin asibiti, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai a lura, kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren. Kamar yadda likita kan ɗauki al'ada a matsayin cuta, haka dangi kan ɗauki cuta a matsayin aljanu, a yi wata da watanni ana yawon neman magani, wani lokaci har da ɗauri da mari, ba a je asibiti ba. Bincike ya nuna cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar samun sauƙi. Abin dubawa shi ne ko mutumin ya sauya: ya daina barci, ya bar aiki ko karatu, ya daina wanka, ya janye daga mutane, ko yana faɗin abin da 'yan uwansa masu imani irin nasa ma suke ganin ya wuce hankali. In an ga haka, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi asibiti.

Ga wanda kuma ya sami kansa a gaban likita a ƙasar waje, ya nemi a kawo ƙwararren tafinta, kada a bar ƙaramin yaro ya yi fassara. Ya tafi da wani babba da ya san halinsa tun kafin ciwon. A faɗa wa likita komai, har da baƙin ciki da rashin barci da rasuwar da aka yi da kuma shan wiwi ko wasu ƙwayoyi in akwai. Idan iyali ba su gamsu da sunan da aka ba cutar ba, suna iya neman wani likitan ya sake dubawa, amma kada a dakatar da magani ba tare da shawarar likita ba, domin yin hakan na iya dawo da ciwon da ƙarfi.

To masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya aiko mana da wasiƙa kamar yadda aka saba.