Garkar da kanwa ta ci: abin da takin bisashe yake iyawa

Ƴan'uwa manoma, duk wanda ya yi noman rani a kwaruruka na Gidimuni, ko na Gure da Maine-Sorowa, ya san farin ɓawon nan da ke fitowa bisa ƙasa idan zafi ya kama. Haka ma a Dallol Boso da Dallol Foga, inda ake dafa gishiri tun kaka da kakanni. Mai garka sai ya ga albasarsa ta tsumbure, bakin ganye ya ƙone, alhali bai fasa ban ruwa ko rana ɗaya ba.

Daga ina wannan ɓawo yake fitowa? A irin waɗannan wurare ruwan ƙasa yana kusa. Zafin rana yana jawo shi sama, ruwan ya bi iska, ya bar gishirinsa a fuskar ƙasa. Gishiri yana hana saiwa shan ruwa: shuka tana cikin laima, amma tana fama da ƙishirwa. Kanwa ta fi muni, domin ƙasar kanta take lalatawa. In ta jiƙa ta yi santsi, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. A zuba ruwa, ya kwanta, ya ƙi shiga.

Mukan ji ana cewa taki yana cinye gishiri. Ba haka ba ne. Ruwa mai daɗi ne yake wanke gishiri, ya gangara da shi ƙasa, nesa da saiwa. Aikin taki shi ne buɗe wa ruwan hanya. Idan kashin shanu yana ruɓewa cikin ƙasa, sai ƙasar ta yi taushi, ta yi ƴan dunƙule-dunƙule. Gara da tsutsotsi su zo cin abinci, su bar ramuka, ruwa ya bi ta nan. Ruɓewar kuma tana fitar da ɗan tsami, wanda ke rage ƙarfin kanwa sannu a hankali.

Amma ba kowane taki ba. Shi kansa taki yana ɗauke da gishiri, musamman kashin kaji da ɗanyen takin turke wanda fitsari ya jiƙa. Mu tara kashin shanu, na tumaki da na awaki a rami, mu gauraya da kara da ƙaiƙayi, muna yayyafa ruwa muna juyawa, har ya yi baƙi, warinsa ya mutu. Kada mu zuba toka. Toka da kanwa dangi ne, matanmu masu girki sun san haka. A gonar jigawa tana da amfani, a nan kuwa ƙara ciwo take yi.

Mu kai takin kafin damana, kamar bokiti 1 ga fangali mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1. Mu kafce shi ya shiga zurfin taƙi guda, kada a bar shi a sama rana ta ƙone shi. In ɓawon ya yi kauri, a fara kankare shi a fitar da shi daga garka. A haƙa lambatu a gefen gangare, domin ruwan da ya wanke gishiri ya sami mafita; in ba haka ba, da rani zai sake hawowa da kayansa. Wajen ban ruwa, gara a ƙosar da fangali da kyau da a riƙa yayyafa kaɗan-kaɗan. Sannan a rufe ƙasa da ciyawa ko kara.

Saura haƙuri. A shekarar farko sau da yawa abin da za mu gani kawai shi ne ruwa ya fara shiga, hauya ta fara kamawa. Nan ne mutane da dama ke karaya, su ce sun yi asarar taki. Aikin na shekaru ne, uku, huɗu ko fiye, kuma kowace shekara sai an ƙara. Shi ya sa wanda takinsa bai da yawa, gara ya tsaya ga fangali kaɗan ya ƙosar da su.

Kafin ƙasa ta warke, kada mu yi saurin sa albasa, karas ko wake, domin ba su jure gishiri. Tumatir da dawa sun fi su dauriya, dabino kuwa ya fi su duka. Inda kanwa ta yi yawa ƙwarai, ana haɗa taki da farin dutsen nan mai suna jibs, irin wanda ake tonowa a jihar Tawa. Malamin gona na yankinku zai duba ƙasar, ya faɗa muku yawan da ya dace.