Taimakon Gaggawa a Wurin Gini

Gini sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi a ƙasar Hausa, har ta kai ga akwai sarautar Sarkin Magina a birane irin su Kano da Zariya. A da, idan magini ya faɗo daga kan katanga, maɗori a ke nema ya yi masa ɗori. To, amma ginin tubali da azara daban, ginin siminti da rodi daban. Birkila na yau yana hawa dogon bene, yana aiki kusa da wayar lantarki da injin kwaɓa kankare, saboda haka raunin da ya kan samu ya fi ƙarfin a jira maɗori.

Abin da a ke nufi da taimakon gaggawa shi ne kulawar da a ke yi wa wanda ya ji rauni, tun daga aukuwar hatsari har ya isa hannun likita. Lokaci shi ne jigonsa, domin idan numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan kimanin minti 4, alhali kuwa da wuya a kai mutum asibiti a cikin wannan ɗan lokaci. Ke nan ran lebura yana hannun abokan aikinsa.

Wannan ne ya sa hukumomi suka kafa dokoki. Yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1988, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin tanadin taimakon gaggawa a kowane lokaci, tare da mutanen da aka horar, da kuma hanyar ɗaukar mai rauni zuwa wurin magani. A Ingila, jagorar da ke bin dokar 1981 ta ba da shawarar a sami horarren mutum ɗaya a wurin ginin da ke da ma'aikata 5 zuwa 50, in sun haura haka, a sami ɗaya ga kowane 50. A Amurka kuwa, wajibi ne a duba akwatin magani kafin a kai shi wurin aiki, sa'an nan a riƙa duba shi a ƙalla sau ɗaya a mako. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ita ma ta tilasta wa masana'antu ajiye akwati a hannun wani takamaimen mutum, a ƙara ɗaya ga kowane ƙarin ma'aikata 150.

Idan aka lura, dokokin nan duka a kan mutum suka jingina, domin akwati ba ya buɗe kansa. Horarren mutum shi ne ya san cewa wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibarsa da gaggawa, don kada ƙashin wuya ko na gadon baya ya goce ya shanye masa jiki. Ya san mai zubar jini danne masa raunin a ke yi da tsumma mai tsabta, ba a zuba masa ƙasa ko baƙin mai. Ya san wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi sai an kashe wutar. Ya san ɗanyen siminti yana cin fata, kuma idan ya shiga ido sai a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na a ƙalla minti 15. In kuwa numfashi ya ɗauke, ya san yadda a ke danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti guda.

Sauran abu guda shi ne harshe. Da yawa daga cikin leburorin gini a Arewa da Hausa su ke magana, saboda haka sanarwar da aka manna da Turanci kaɗai ba ta isa gare su ba. Ya kamata ɗan kwangila ya sa a yi horon da harshen da ma'aikata ke ji, kowa ya san sunan mai akwati, da inda aka ajiye shi, da asibitin da za a nufa, tun kafin a aza harsashi. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.